Malam Aƙilu Mai Bututu da Lamba Talatin da Uku

A Funtua, in ka ce kana neman Malam Aƙilu makanike, sai a tsaya ana tambayarka wanne daga ciki. In ka ce Aƙilu mai bututu, ko mai sayar da rake zai nuna maka rumfarsa. Shi kuwa ba ya son sunan nan ko kaɗan, don a wurinsa abin ba bututu ba ne, madubin hangen taurari ne, kuma ya gaji da gyara wa mutane.

Haifaffen Maska ne. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shigo Funtua, ya samu aiki a wani kamfanin gurzar auduga, ya yi shekara ashirin da shida yana kwance injuna yana ɗaurawa. Da aiki ya tsaya aka sallame su, sai ya kafa rumfar kwano a bakin hanyar Bakori, yana gyaran injin ban-ruwa da tankin feshi. Manoma sun san hannunsa, sun kuma san halinsa. Mutum ne da ba ya iya barin abu bai yi daidai ba. In noti ɗaya ya ƙi zama, zai iya hana kansa abincin rana, yana tsaki yana juya shi, mai injin na roƙonsa a bar shi haka.

Madubin ya shigo rayuwarsa ne ta hanyar gyara. Akwai wani malamin kimiyya a unguwarsu, Mista Oluwole, wanda kowa ke kira Ticha. Mutumin kudu ne, amma ya fi shekara talatin a garin, a nan ya haifi 'ya'yansa duka. Wata rana ya zo da wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya ce wuyansa ya daina juyawa. Malam Aƙilu ya yi kwana biyu a kai, ya ƙera masa sabon haƙori da tagulla. Da ya tambayi me ake ɗora wa abin, sai Ticha ya ce ya zo bayan sallar isha'i ya gani da idonsa.

Ya je. Ya tarar da farin bututu, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, bakinsa kamar na ƙaramin bokiti, da madubi a can ƙasan ciki. Ticha ya saita, ya ce ya sa ido a ɗan gilashin da ke gefe. Wata ya fara gani, duk ramuka da tsaunuka, har sai da ya ja da baya yana salati. Sannan aka nuna masa wani tauraro mai zobe a ƙugu.

"Waɗannan na baƙi ne," in ji Ticha, da Hausarsa mai ɗan karkata. "Kowa ya gani zai yi ihu. Ainihin aikin yana ga waɗanda ba sa son a gan su."

Ya ɗauko wani tsohon littafi, ya buɗe masa jerin abubuwa ɗari da goma, kowanne da lambarsa. Wasu dunƙulen taurari ne, wasu hayaƙi ne mai haske, wasu kuma garken taurari ne masu nisan da hankali ba ya ɗauka. Ticha ya ce shi sittin da huɗu ya samu a shekara ashirin. Ya ɗora yatsa a kan lamba talatin da uku.

"Wannan ya wahalar da ni. Babba ne, ya fi wata faɗi, amma haskensa kamar babu. Ban taɓa ganinsa ba, Malam Aƙilu. Yana son duhu na gaske."

Bayan shekara biyu Ticha ya yi ritaya, ya tattara zai koma garinsu. Ranar da ake loda kaya a mota, ya aiko aka kira Malam Aƙilu, ya miƙa masa madubin da littafin, ya ce in ya tafi da shi jikoki za su mai da shi ganga. Malam Aƙilu ya rungumo abin kamar jariri ya kai gida, ya sa matarsa Fiddausi ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa.

Daga nan wahala ta fara. Bai san yawan abin da ke hana mutum ganin sama ba sai da ya zama yana da buƙatar ganinta. Damina wata biyar, gajimare. Sai ruwa ya ɗauke da la'asar, sama ta wanke tas, ya fito da kaya ya kafa, yana sa ido sai hadari ya taso daga gabas kamar an aiko shi. In ba gajimare, akwai farin wata, wanda ke cinye rabin kowane wata, don haskensa na shafe duk abin da yake nema. In ba wata, maƙwabcinsa mai sayar da ƙanƙara ya tada janareto, ƙwan fitilarsa na leƙowa ta kan katanga. Kwanakin da suke da kyau a shekara, ya lura, ba su wuce na farkon kaka ba, bayan ruwa ya janye.

A haka dai ya samo guda tara daga cikin jerin littafin a tsakar gidansa. Ranar da ya samo Andoromida, babban garken taurarin nan da Ticha ya fi yawan ambato, sai ya ƙwala wa Fiddausi kira, ta bar wanke-wanke ta zo tana goge hannu, ta sunkuya ta duba.

"Malam, ina abin yake?"

"Ga shi nan a tsakiya. Kada ki kalle shi kai tsaye, ki kalle shi ta wutsiyar ido."

Ta ƙara dubawa, ta daɗe. "Ni dai wani dusu-dusu nake gani, kamar an taɓa gilashin da hannun miya."

"Shi ne! Shi ne abin!"

Ta miƙe ta dube shi. "Wannan ne ka hana mu kunna fitila sati uku saboda shi?"

Ya so ya gaya mata abin da littafi ya ce game da nisan wurin da yawan taurarin da ke ciki, amma ya ji duk abin da zai faɗa ba zai kai ba. Ta koma wanke-wankenta, shi kuma ya zauna da haushin da bai san wa zai ɗora wa ba.

Sai aka zo aka kafa fitilar sola a layinsu, doguwa, daidai ƙofar gidansa. Unguwa ta yi murna, mata suka yi guɗa. Tun magariba take kamawa, ba ta mutuwa sai gari ya waye, tana zuba farin haske har cikin akurkin kajinsa. Ya daure wata biyu, sannan ya je wurin mai unguwa ya roƙa a karkata kanta kaɗan, ko a sa mata ɗan kwano ta gefen gidansa. Mai unguwa ya saurare shi har ƙarshe, dattawan da ke zaure suna ƙunshe dariya.

"Malam Aƙilu, shekara nawa muna bin hukuma a ba mu haske? Yau an ba mu, kai kuma ka zo neman duhu? Ka rufa mini asiri, in na kai wannan magana gaba cewa za a yi na taɓu."

Ya fito yana jin dariyar ta fashe a bayansa. A ranar ne sunan mai bututu ya kama shi sosai.

Wanda ya fitar da shi shi ne Sanda, wani manomi Bamaguje daga wata 'yar unguwa bayan Bakori, wanda ya daɗe yana kawo masa injin ban-ruwa. Yana jin labarin ya ce in duhu ake nema, su nasu ya yi musu yawa, ya zo ya ɗiba. Da kaka ta kama, Malam Aƙilu ya ɗaure madubin a bayan babur ya tafi. Suka kafa a masussukar Sanda, tsakanin dammunan dawa, Tani matar Sanda ta kawo musu dafaffiyar gyaɗa. Da duhu ya gama sauka ya ɗaga kai, sai ya ga ashe bai taɓa ganin sama ba tun yana yaro a Maska. Taurari har sun yi yawa, ya rasa hanyar da ya saba bi a cikinsu.

Sanda bai yi boko ba, amma ya san taurarin nan Kaza da 'ya'yanta, ya san lokacin ɓuyarta da fitowarta, da abin da hakan ke gaya wa manomi. Idonsa kuma kamar na shaho. Da aka nuna masa Andoromida a madubi, ya ɗaga kai ya nuna ta da yatsa, ya ce ai wannan ko ba bututu yana ganinta, ya ɗauka guntun gajimare ne da ya ƙi tafiya.

Kaka biyu ya yi yana zuwa, su ne mafi daɗi a duk shekarun nan. Lissafinsa ya kai talatin da takwas. Amma lamba talatin da uku ta ƙi. Ya san inda take kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa: a sauko daga Andoromida, a wuce wani jan tauraro, a yi gaba kwatankwacin wannan tazarar. Sau ɗaya hayaƙin ƙona kara ya tare. Sau ɗaya raɓa ta lulluɓe gilashin. Sau ɗaya yana cikin nema kunama ta harbe shi a ɗan yatsan ƙafa, aka kwana ana ɗaure masa. Kullum yana cewa baɗi.

Baɗin da ta zo, hanya ta lalace. 'Yan bindiga suka matsa wa yankin, mutanen ƙauye suka koma kwana da takalmi a ƙafa, ba mai fita bayan magariba. Shekara biyu madubin na jingine a bayan ƙofa cikin rigarsa. A ta uku, shekarar da aka katse layukan waya, Sanda ya aiko da saƙon baki cewa wajensu ya ɗan lafa. Fiddausi ta hana, ta ce ya dubi girman Allah ya zauna. Ya ce zai isa da rana, ya kwana can, ya dawo da safe.

Bai isa ba. Da la'asar sakaliya, a wata mararraba, 'yan sintiri suka tare shi. Suna kwance rigar atamfar suka ga farin bututu da ƙarfe mai ƙafa uku, sai suka watse da baya suna ɗana bindigogi. Shugabansu, wani dogo mai suna Maitama, ya sa aka zaunar da shi a ƙasa.

"Baba, gaya mini gaskiya. Wa za ka kai wa wannan?"

"Ba kowa. Taurari nake kallo da shi."

"Taurari." Maitama ya juya ya dubi yaransa. "A wannan zamanin, mutum ya bar gari ya nufi daji da makami, ya ce taurari."

"Ba makami ba ne, ɗana. Leƙa ciki, madubi ne kawai. Ka bari magariba ta yi in nuna maka."

"In leƙa bakin bindiga? Ka ga na yi kama da wawa?"

Ba waya balle ya kira wanda ya san shi. Ya kwana biyu a wani ɗakin ajiyar taki, har sai da Sanda ya ji labari ya zo da mai unguwarsu, suka tsaya masa. Shi aka sake shi, madubin kuwa aka ce sai manya sun duba. Sati uku yana zarya. Ranar da aka ba shi, ya buɗe a gabansu, ya ga an kwance gindin an mayar a karkace, fuskar madubin duk shatar yatsu, ɗan gilashin da ake sa ido babu shi. Maitama ya ce ya yi haƙuri, aiki ne ya gaji haka, kuma shi ma ya sani ba don wasa suke tsaye a rana ba. Abin da ya fi ci wa Malam Aƙilu rai shi ne ya san gaskiya mutumin ya faɗa. Ba wanda zai yi wa faɗa.

Wata bakwai ya yi yana gyara. Ya wanke madubin da ruwan sama da auduga, a hankali kamar mai wanke ciwo. Ya samo wata tsohuwar kyamara a wurin 'yan gwangwan, ya cire gilasanta, ya ƙera musu gida da guntun bututun roba. Ya huda murfin kwalba yana leƙawa ta ciki yana daidaita madubai, juyi kaɗan, dubawa, juyi kaɗan. Da ya gwada a kan wata sai ya ga ya yi dishi-dishi, da wani kewaye na haske. Ya ce sabon gilashin ne. Ya sake wani. Bai canja ba. Ya ce to yatsun mutanen nan sun cinye fuskar madubin.

Kakar da ta biyo baya aka samu sauƙi na 'yan makonni, ya shiga motar haya da madubin a cikin buhu, ya sauka wurin Sanda. Daren ya yi kyau irin wanda ake samu sau ɗaya a shekara: ba wata, ba hayaƙi, ba iska. Tun kafin a kira isha'i a ƙauyen da ke gaba ya gama saitawa. Ya sauko daga Andoromida, wadda ita ma ya ga ta rage haske, ya wuce jan tauraro, ya tsaya daidai wurin. Baƙi ƙirin. Ya kalla ta wutsiyar ido, ya rufe kansa da mayafi, ya ɗan girgiza bututun kamar yadda littafi ya ce. Babu.

"Sun kashe mini shi," ya ce. "Madubin ya mutu, Sanda."

"Kawo in gani."

Sanda ya sunkuya, hannuwansa a baya. Bai san me ake nema ba, ba a taɓa kwatanta masa ba. Ya ɗan jima.

"To ai ga wani abu nan. Kamar ka huci gilashi da baki. Yana da faɗi, ya kusa cika wurin. Tsakiyarsa ta ɗan fi haske, kuma ba zagaye yake sosai ba, ya yi kamar ƙwai."

Malam Aƙilu ya ture shi ya sa ido. Ba komai. Ya canja ido. Ba komai.

"Kana gani yanzu ma?"

Sanda ya sake dubawa. "Yana nan. Wai kai ba ka gani?"

Sai ya zauna a kan turmi. Shekara bakwai yana bin abin nan, ya ƙera, ya gyara, ya kwana a ɗakin taki, ya kai bututun daidai kansa ba kuskure ko na gashi, ga shi a gabansa, wani na gani. Tani ta kawo tuwo, ya ce ya ƙoshi. Sanda ya yi ta ba shi baki, shi kuwa ji yake kamar ya ɗauki abin ya maka da ƙasa.

Adesewa, 'yar Ticha ta biyu, ba ta bi iyayenta kudu ba. Ta yi aure a Funtua, tana aiki a wani shagon gwajin ido da tabarau. Fiddausi ce ta kai mata ƙara, ta ce kwana huɗu ba ya cin abinci sosai, kuma ta lura yana laluben noti a ƙasa alhali yana gabansa. Adesewa ta zo rumfar da rana tsaka, ta gaishe shi har ƙasa, ta ce ya zauna. Ta haska masa 'yar tocila a ido ɗaya, sannan ɗayan.

"Baba, yaushe rabon da ka ga fitilar mota ba tare da ta baje maka ba?"

Ya yi tunani. "An kwana biyu."

"Yanar ido ce. Duka biyun, amma ta dama ta fi. Madubinka lafiyarsa ƙalau."

"Wata bakwai ina zagin mutane a raina," ya ce.

"Ana cirewa, Baba. Aikin minti kaɗan ne."

Tsoro ya hana shi kusan shekara. Mutumin da ke kwance injin kowa bai yarda a taɓa nasa idon ba. Sai da ya zuba wa wani manomi man inji a tankin fetur, a gaban mutane, sannan ya amince. Aka yi masa aikin idon dama da bazara. Ranar da aka cire bandeji ya ga zaren da ke jikin hularsa ɗaya-ɗaya, ya yi ta kallon tafin hannunsa. Ya warke daidai saukar ruwan farko, ya zauna jiran wata biyar. Kafin kaka ta zo, an sake kai hari kusa da su Sanda, suka kwashe suka koma cikin Malumfashi, gidan haya kusa da wani gidan mai da fitilunsa ba sa mutuwa.

Bara ne wani mai noman wake daga wajen Matazu, Alhaji Mamuda, ya kawo tankin feshi, hira ta kai su ga maganar. Ya ce ƙauyensu lafiya lau a yanzu, kuma ko wutar lantarki ba su sani ba, ya zo ya yi kwana uku. Malam Aƙilu ya duba kalanda ya zaɓi ƙarshen wata, ya yi mota biyu da babur ɗaya kafin ya isa.

Daren farko gajimare ya rufe, a watan da ba a saba ganinsa ba. Na biyu maƙwabta suka cinna wa gona wuta, hayaƙi ya tokare sama. A na uku, bayan magariba, sama ta buɗe. Ya kafa a bayan rumbuna, ya bi hanyarsa, ya tsaya a wurin. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya sa na dama, ya kau da kallonsa gefe, ya riƙe numfashi. Can sai ya ga kamar baƙin wurin bai kai na gefensa baƙi ba. Ya dubi tsakiya, abin ya ɓace. Ya kau da ido, ya dawo, ko kuma ya ga kamar ya dawo. Ya san siffar da Sanda ya faɗa, ya san ta littafi, kuma ya san ido na iya ba mutum abin da ya daɗe yana roƙo. Ya kira Alhaji Mamuda ya duba. Alhaji ya leƙa, ya ce shi fa tun da ya haura sittin ko allura ba ya iya zura wa zare, a yafe masa. Kafin Malam Aƙilu ya sake saitawa, wani siririn gajimare ya shigo daga arewa, bai kuma fita ba.

Washegari da azahar ya iso gida, ƙafafunsa sun kumbura da zaman mota. Fiddausi ta karɓi buhun ta jingine, ta kawo masa ruwa, ta tsaya har ya sha.

"To, Malam, ka gani?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Mutum ya yi tafiyar kwana uku, ko ya gani ko bai gani ba."

"Na ce miki ban sani ba, Fiddausi."

Ta ɗauki kofin, ta ce masu inji sun zo nemansa har sau biyu, ɗaya ma ya ce tumatirinsa na bushewa. Ya yi tsaki, ya nemi takalminsa, ya fita rumfa.